Kwamfutar da ta daina karɓar sabuwar manhaja: nazarin wani gyara a ƙasar Gumel

Kwamfutar ta tebur ce, irin 'yan gwanjon nan da ake sayowa a Kano, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, gigabait 4 ne, faifan ajiyarta mai juyawa ne na gigabait 500, kuma Windows 10 Pro ce a kanta. Tana aiki a wani shagon buga takardu da ke ƙauye mai kasuwa a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. Da ita ake tsara katin ɗaurin aure da na suna, ake wanke hoton fasfo, ake fitar da sakamakon WAEC da NECO, kuma ɗaliban kwalejin ilimi ta Gumel kan kawo aikinsu na kammala karatu a buga musu. Wutar shagon ta ƙaramin janareta ce, wadda ake tayarwa idan aiki ya taru, a kashe idan ya lafa.

Matsalar ta fito fili ne ranar da mai shagon ya sayo sabuwar firinta. Manhajar firintar takan fara shiga lafiya, layin nan mai nuna ci gaba ya kusa ƙurewa, sai ya tsaya, ya koma baya yana kwashe abin da ya zuba. Saƙon da ke fitowa yana ɗauke da lamba 1935, a ƙarshensa kuma akwai 0x80073712. Da aka gwada sabunta manhajar zanen da ake yin kati da ita, ita ma ta ƙi, amma da wata lambar daban, 1603. Abin da ya rikita mai shagon shi ne kwamfutar tana tashi daidai, Word yana buɗewa, tsohuwar firinta tana bugawa. Don haka zarginsa ya fara sauka kan sabuwar firintar da faifan da ya zo da ita. Yaron shago ya sauko da manhajar daga intanet sau da dama, data ta ƙare, saƙon bai canza ba. Shawarar da kowa ya bayar a bakin shago guda ɗaya ce: a yi mata fomat, wato a goge komai a sake girka Windows.

Ba a bi wannan shawara ba, kuma daidai ne da ba a bi ba. A cikin faifan akwai zane-zanen kwastomomi na shekaru, da samfuran rubutun da aka tara ɗaya bayan ɗaya, da manhajojin da ba a san inda lambobin lasisinsu suke ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne fomat yana share shaidar abin da ya jawo ɓarnar. Idan faifai ne ke mutuwa, ko wuta ce ke katsewa a tsakiyar aiki, sabuwar Windows za ta lalace kamar yadda tsohuwar ta lalace, mai shago ya sake biyan kuɗin gyara bayan 'yan watanni.

Wanke manhajar daga zargi

Abin da aka fara yi mai sauƙi ne. An ɗauki fayil ɗin manhajar firintar a filashi, aka sa shi a laftof ɗin wani malamin makaranta da ke maƙwabtaka, ya shiga ba gardama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Inda babu wata kwamfutar gwaji, ana iya auna fayil da wannan umarnin, a kwatanta sakamakon da lambar da masu manhajar suka wallafa, idan sun wallafa:

certutil -hashfile sunanfayil.exe SHA256

Wannan gwajin yana da amfani sosai a karkara, inda sabis ke yankewa a tsakiyar saukarwa, fayil ya zo da sunansa daidai amma cikinsa da giɓi. An kuma duba sararin da ya rage a C:, faifan da Windows ke kai, akwai fiye da rabin faifan. Sai dai an lura da wani abu a kusurwar allo: kwanan watan da kwamfutar ke nunawa na shekarun baya ne. Yaron shago ya ce kullum da safe sai ya gyara shi da hannu, wani lokacin ma ya manta. Batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon uwa (babban allon cikin akwatin kwamfuta), CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe ta, shi ne ya mutu. Ba shi ya haifar da 1935 ba, amma zai dawo ya tare hanya a gaba.

Lamba 1603 ba ta faɗin komai sai cewa girkin ya gaza. Don a ga ainihin inda ya tsaya, an sake tayar da fayil ɗin manhajar zanen tare da umarnin rubuta rahoto:

msiexec /i sunanfayil.msi /L*V C:\rahoto.txt

A cikin rahoton ana neman wuri na farko da aka rubuta Return value 3, sannan a karanta layukan da ke samansa, domin a nan dalilin yake. Abin da aka tarar a wurin shi ne 1935 ɗin nan da 0x80073712. Ashe cuta ɗaya ce ta fito da fuska biyu. Ma'anar 0x80073712 a wurin Windows ita ce ma'ajiyar sassanta ta lalace.

Abin da ya lalace da yadda ya lalace

A cikin C:\Windows akwai folda mai suna WinSxS. A nan Windows ke ajiye asalin kowane sashe nata, tare da ƙananan fayilolin da ke bayyana kowane sashe, sigarsa, da abin da ya dogara da shi. Manhajoji da yawa, musamman na firinta da na zane, suna tafe da ɗakunan karatun Visual C++ na 2005 ko 2008, waɗanda ba a zuba su haka kawai a folda, dole sai an yi musu rajista a cikin WinSxS ta hannun hidimar Windows Modules Installer. Idan wannan hidimar ta je rubuta sabon sashe ta tarar da bayanan ma'ajiyar sun saɓa wa juna, sai ta ƙi ci gaba, girkin ya warware. Shi ya sa tsofaffin manhajoji ke aiki: sun riga sun shiga tun ma'ajiyar na da lafiya, ba su da buƙatar komawa wurinta.

Don gano abin da ya taɓa ma'ajiyar, an buɗe tarihin kwamfutar da perfmon /rel, sannan aka shiga Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru da ita, ɓangaren System. Lamba 41 ta Kernel-Power da lamba 6008 sun cika shafin. Dukansu abu ɗaya suke nufi, kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta ta hanyar da ta dace ba. Kwanakin da ke jikinsu ba abin dogaro ba ne saboda agogon da ke komawa baya, amma yawansu ya isa shaida. Da aka tambayi yaron shago, ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye: wani lokaci mai ne ke ƙarewa a inji ana tsakiyar aiki, wani lokaci kuma idan an tashi da daddare Oga yakan ce a kashe inji, ko da allon ya yi shuɗi yana cewa kada a kashe kwamfuta. Ba za a ga laifinsu da yawa ba, domin fetur kuɗi ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke gudana a bayan wannan shuɗin allon.

Abin da ke gudana shi ne Windows tana sabunta kanta, tana musanya ɗaruruwan fayiloli, tana kuma gyara rajistar da ke lissafa su. Rubutu ba ya sauka kan faifai nan take, yakan ɗan jira a RAM tukuna. Tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayiloli da shi a faifai, yana da kundin da ke kare fasalin faifai, wato sunayen fayiloli da wuraren da suke, amma ba ya ba da tabbacin cewa abin da ke cikin kowane fayil ya gama sauka. Idan wuta ta yanke a wannan gaɓar, ana iya samun fayil mai suna daidai da girma daidai, cikinsa kuwa sifili ne ko tarkace. Windows takan iya warware sabuntawar da ta katse ta koma baya, kuma sau da yawa tana yin nasara. Amma idan abin ya yi ta maimaituwa, wata rana wutar za ta yanke a lokacin da ake warwarewar kanta.

Faifai kafin komai

A nan ne masu gyara da yawa ke yin gaggawa. Kafin a buga kowane umarnin gyara, an kwashe Desktop, Documents, foldar zane-zane da C:\Windows\Fonts zuwa wani faifai na waje. Bayan haka aka duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo. Layuka uku ake kallo: 05, adadin gurabun da suka mutu aka musanya su, C5, gurabun da ake shakkarsu, da C6, waɗanda ba su karantu ba sam. A wannan faifan duk ukun sifili ne. Zafinsa ne kawai ya yi sama, kuma da aka buɗe akwatin aka ga dalili, ƙurar hunturu ta toshe fanka da ramukan iska. An busa ta da abin hura iska, an riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima, an zare RAM an goge bakinsa an mayar.

Da a ce C5 ko C6 sun nuna wani adadi, da labarin ya canza gaba ɗaya. Faifai mai ciwo ba a sa shi aikin chkdsk /r, wanda ke karanta kowane gurbi na tsawon sa'o'i, domin wannan wahalar na iya ƙarasa shi da sauran bayanan da ba a kwashe ba. Abin yi a irin wannan hali shi ne a kwafe shi zuwa SSD, wato faifan da ba ya juyawa, a yi gyaran a kan sabon. Gyara fayilolin Windows a kan faifan da ke ruɓewa ɓata fetur ne kawai.

An gwada RAM da mdsched, bai nuna kuskure ba. An kuma bincika ƙwayoyin cuta, tunda filashin kowa na shiga wannan kwamfutar, ba a sami wani abin da ya shafi matsalar ba.

Daga nan aka cika tankin janareta. Wannan mataki ne na gyara kamar kowane, domin yankewar wuta a tsakiyar chkdsk ko DISM, umarnin gyara ma'ajiyar sassa, na iya mayar da kwamfutar da ke tashi ta zama wadda ba ta tashi. An buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa aka rubuta:

chkdsk C: /f

Tunda Windows na kan faifan, sai ta nemi izinin yin binciken a tashi na gaba. An danna Y aka sake kunnawa. Sakamakon yana wucewa da sauri a allo, amma ana samunsa daga baya a Event Viewer ɓangaren Application, ƙarƙashin Wininit. Ya nuna an gyara wasu kurakurai a jadawalin fayiloli, kuma babu ko kilobait ɗaya a gurabu marasa kyau. Wannan ya yi daidai da abin da aka zata: faifan lafiyayye ne, rubutun ne aka yi ta katsewa.

SFC, DISM, da inda aka maƙale

sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows ya maye gurbin lalatattu, ya kai ɗari bisa ɗari, ya ce ya sami fayiloli lalatattu amma ya kasa gyara wasunsu. Rahotonsa yana cikin C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log, fayil mai tsawon gaske, don haka aka tace layukansa kaɗai:

findstr /c:"[SR]" %windir%\Logs\CBS\CBS.log > "%userprofile%\Desktop\sfc.txt"

Layukan da ke ɗauke da Cannot repair member file su ne suka lissafa fayilolin da suka gagara. Mutane kan yi ta maimaita SFC suna fatan a karo na gaba zai yi, alhali ba zai yi ba. SFC daga WinSxS yake ɗauko kwafi mai kyau ya maye gurbin lalatacce. Kamar manomi ne da ya je rumbu ɗauko iri don ya yi kwalfe inda shuka ba ta fito ba, ya tarar ƙwari sun cinye na rumbun. Sai an kawo iri daga waje. Aikin DISM ke nan.

DISM /Online /Cleanup-Image /ScanHealth

Wannan ya tabbatar ma'ajiyar ta lalace amma tana gyaruwa. Sai aka haɗa intanet ta wayar mai shago aka buga:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Ya gaza da 0x800f081f, wato bai sami fayilolin da zai yi gyara da su ba. Da yake akwai filashin girka Windows 10 a hannu, aka yi tunanin a nuna masa ita a matsayin madogara, don a huta da wahalar sabis. Kafin haka dole a san abin da ke cikinta (E: ita ce filashin):

DISM /Get-WimInfo /WimFile:E:\sources\install.wim

A jerin da ya fito, Pro ce ta 6. Wannan lambar ba a haddace ta, ana dubawa ne kowane lokaci, kuma a wasu filashin fayil ɗin install.esd ne, sai a rubuta esd a maimakon wim. Umarnin da aka gwada shi ne:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth /Source:wim:E:\sources\install.wim:6 /LimitAccess

Ya sake gazawa da lambar ɗazu. Dalilin ya bayyana da aka ƙara /Index:6 a umarnin dubawa aka kwatanta da winver, umarnin da ke nuna sigar Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Kwamfutar tana kan 22H2, gini na 19045. Filashin kuwa 1809 ce, gini na 17763. Duka sunansu Windows 10, amma fayilolinsu ba ɗaya ba ne, kuma DISM ba ya karɓar mai kama, sai ainihin sigar da ta ɓace. Sigogin da suka fito daga wadda ake kira 2004 zuwa 22H2 tushensu ɗaya ne, 19041, to amma ko filashi mai 22H2 tana iya gazawa idan fayil ɗin da ya lalace ya shigo ne ta wata sabuntawar da ta zo bayan an haɗa filashin. Akwai kuma Windows ɗin da wasu ke yawo da ita wadda aka rage mata kaya don ta yi sauƙi. Irin wannan ba ta zama madogara, kuma kwamfutar da aka girka da ita da wuya DISM ya iya gyara ta.

Sai aka dawo kan tambayar da ya kamata a tsaya a kanta tun farko: me ya hana DISM ɗauko fayilolin daga intanet? Abu biyu ne. Na ɗaya, a services.msc an tarar hidimar Windows Update a kashe ɗungurungum. Wani mai gyara ne ya kashe ta a baya don ta daina shan data, kuma ta wannan hidimar ce DISM ke samun kayan gyara. Na biyu, agogon nan. Kwamfutar da ke ganin tana shekarun baya ba ta yarda da takardun shaidar tsaro na sabar da take magana da ita, tunda a lissafinta lokacin fara aikinsu bai yi ba. An sa sabon CR2032, an gyara kwanan wata a BIOS, saitin allon uwa, an saita yankin lokaci zuwa na yammacin tsakiyar Afirka mai sa'a ɗaya gaba da UTC, an mayar da hidimar zuwa Manual. Aikin kuma aka ɗage shi zuwa bayan sallar asuba, lokacin da sabis ya fi tsayawa a garin, aka ajiye wayar a taga aka haɗa ta da kebul maimakon iska.

A wannan karon RestoreHealth ya tafi, ya tsaya a kashi 62.3 na dogon lokaci. Tsayawa a wannan wurin sananne ne, ba alamar ya mutu ba ce. Hanyar tabbatarwa ita ce a duba CBS.log a ga ko girmansa na ƙaruwa, ko a ga TiWorker, ma'aikacin hidimar Windows Modules Installer, yana aiki a Task Manager, inda ake ganin abin da ke gudana. Nan ne mai shago ya fi buƙatar a kwantar masa da hankali, domin yana jin ƙarar inji yana lissafin mai, allo kuma ba ya motsi. Daga bisani ya kammala da saƙon nasara. Aka sake sfc /scannow, ya ce ya sami lalatattu ya gyara su. Aka sake kunna kwamfutar aka maimaita, ya ce bai ga wata matsala ba. Manhajar firintar ta shiga har ƙarshe, ta zanen ma haka, aka buga shafin gwaji da katin biki guda don a ga launi.

Da DISM ya ƙi har a nan, saura mataki ɗaya kafin a yi maganar fomat. Ana samo cikakken hoton Windows 10 22H2, wanda ya haura gigabait 5, gara a sauko da shi a Gumel ko Kano inda intanet ke da ƙarfi. Ana buɗe shi daga cikin Windows ɗin da ke aiki, a danna setup.exe, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Ba a tayar da kwamfutar daga filashin, domin ta can wannan zaɓin ba ya aiki. Dole nau'in ya dace, harshen ma ya dace. Ingilishin Amurka da na Birtaniya daban Windows ke lissafa su, kuma idan suka saɓa, zaɓin riƙe manhajoji yakan dushe ya ƙi dannuwa. Umarnin DISM /Online /Get-Intl yana nuna harshen da aka girka kwamfutar da shi.

Akwai abubuwan da aka ƙi yi da gangan. Ba a sauko da fayilolin DLL ɗaiɗai daga shafukan da ke raba su ba, saboda ba a san sigarsu ko abin da aka cusa musu ba, kuma ajiye fayil a System32 ba ya gyara lissafin ma'ajiya. Ba a taɓa WinSxS ko C:\Windows\Installer da hannu ba. Duk mai share waɗannan don neman sarari yana haƙa wa kwamfutar ramin da SFC da DISM ba lallai su fitar da ita ba, musamman foldar Installer, wadda abin da ke cikinta na wannan kwamfutar ne ita kaɗai.

Abin da aka canza a shagon

An sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan ta yanke, mai ƙarfin 650VA, irin mai batir ɗaya na bolt 12 da 7Ah. Mintuna kaɗan yake bayarwa, kuma amfaninsa ke nan, a adana aiki a kashe kwamfuta cikin natsuwa idan inji ya fara tari. Kwamfuta da allonta kaɗai aka jona masa. Firinta mai aiki da zafi da injin lamineshan suna jan wuta fiye da ƙarfinsa, don haka suna kan layin janareta kai tsaye. Yana da kyau a gwada UPS da injin shagon kafin a biya, saboda wasu ba sa jituwa da wutar ƙananan janareta, sai su yi ta ƙara suna komawa kan batir har ya ƙare ba a sani ba.

Hidimar Windows Update an bar ta a kunne. Don kare data, an sa haɗin wayar a matsayin mai awo a saitin hanyar sadarwa, wanda ke hana yawancin saukarwar da ba a nema ba, kuma ana iya dakatar da sabuntawa har kwana 35. An shaida wa mai shago da yaronsa cewa idan za a tashi, kwamfuta ake fara kashewa, a jira fitilarta ta mutu, sannan inji. An kuma sanar da shi cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan kwamfutar ba ta da sashen tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata, don haka ya fara tanadin wata, musamman tunda ana shigar da bayanan mutane a shafukan jarrabawa da ita.

Yaron shago an koya masa buɗe CrystalDiskInfo sau ɗaya a wata ya kalli 05, C5 da C6. Idan ɗaya daga cikinsu ya tashi daga sifili, a kwashe bayanai a ranar a nemi SSD. Idan kuma SFC ya sake samun lalatattun fayiloli alhali lamba 41 ba ta sake bayyana a Event Viewer ba, to ba wuta ba ce wannan karon, sai a bar MemTest86 ya zagaya RAM sau da dama, a kuma canza kebul ɗin SATA da ke haɗa faifan da allon uwa.